Jay Miner

Jay Glenn Miner (an haife shi ranar 31 ga watan Mayu, 1932, ya rasu ranar 20 ga watan Yuni, 1994) injiniyan lantarki ne ɗan ƙasar Amurka wanda ya yi suna wajen zana ƙwayoyin silikon, wato 'yan ƙananan falle-fallen nan da ake cusa dubban hanyoyin lantarki a cikinsu, waɗanda su ne ke gudanar da aikin kowace kwamfuta. Shi ne ya jagoranci zana ƙwayoyin hoto na na'urar wasan bidiyo ta Atari 2600 wadda ta fito a 1977, da na kwamfutocin gida Atari 400 da 800 na shekarar 1979, sannan da na kwamfutar Amiga ta 1985. Wannan ta ƙarshe ce ta sa ake kiransa uban Amiga. Ya kuma yi shekaru yana aiki a kan na'urorin da ake dasa wa masu ciwon zuciya.

Dabara guda ce ta ratsa na'urorin nan uku. Maimakon a ɗora wa babbar ƙwaƙwalwar kwamfuta dukkan aiki, Miner yakan kewaye ta da ƙwayoyi mataimaka masu kula da hoto da sauti, waɗanda ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da yadda talabijin take zana hotonta. Wannan ya sa na'urori masu araha suka riƙa yin abin da masu tsada suka kasa, kuma shi ne dalilin da ya sa masu sake gina su a yau suke shan wahala kafin su kwaikwaye su daidai.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Miner a garin Prescott na jihar Arizona. Bayan ya gama sakandare ya shiga rundunar tsaron gaɓar tekun Amurka, inda ya fara koyon aikin lantarki, ya kuma yi aikin rediyo a jiragen ruwan da ke lura da yanayi a arewacin tekun Atlantika. Da ya bar aikin damara sai ya shiga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ya yi digiri a fannin injiniyan lantarki a ƙarshen shekarun 1950.

A 1964 ya kama aiki da kamfanin General Microelectronics, ɗaya daga cikin kamfanonin farko da suka gwada ƙera kalkuleta da ƙwayoyin silikon. Daga nan ya zaga wasu kamfanonin wannan fanni, ciki har da American Microsystems, inda yana cikin waɗanda suka yi aiki a kan ƙwayoyin kwamfutar jirgin yaƙi samfurin F-14. Wannan aikin sirrin soja ne, sai a 1998 aka ba da izinin bayyana shi. Miner yana cikin injiniyoyin farko na kamfanin Synertek da aka kafa a 1973, kuma ta nan ne hanyarsa ta haɗu da ta Atari, domin Synertek na cikin masu ƙera wa Atari kayan aiki.

Atari 2600

A tsakiyar shekarun 1970 kowace na'urar wasa ta gida wasa ɗaya ko kaɗan take iya yi, domin an gina wasan ne a jikin wayoyinta. Atari ta so ta fito da na'urar da za a riƙa sauya mata wasa ta hanyar cusa kaset. Steve Mayer da Ron Milner na cibiyar binciken kamfanin da ke Grass Valley su suka haɗa samfurin farko, sai Joe Decuir ya zo ya gyara shi, ya kuma laƙaba wa aikin suna Stella, sunan kekensa. Abin da ya rage shi ne a tattara wannan tulin wayoyi a matse shi cikin ƙwaya ɗaya mai arahar da za a iya sayarwa a kanti. Aikin da aka ɗauko Miner ya yi ke nan, kuma ƙwayar da ta fito ita ce TIA.

Matsalar da ke gabansu ta kuɗi ce. A lokacin ma'adanar kwamfuta tana da tsada ƙwarai, saboda haka bayit 128 kacal aka ba na'urar, abin da bai kai ya ɗauki sakin layi ɗaya na wannan shafi ba. Babu inda za a adana cikakken hoton da zai bayyana a talabijin. Ita kuwa tsohuwar talabijin mai ƙaton baya ba a lokaci guda take nuna hoto ba. Wani tsinken haske ne ke gudu a bayan gilashin daga hagu zuwa dama, layi bayan layi, daga sama har ƙasa, sau 60 a daƙiƙa a tsarin Amurka, sau 50 a na Turai. Sai aka tsara TIA ta riƙe bayanin layi ɗaya tak. Kafin tsinken ya kai layi na gaba, dole manhajar wasan ta riga ta sauya wannan bayani. Bugun agogon ƙwaƙwalwa 76 kawai mai rubuta wasa yake da shi a kowane layi, in ya wuce haka hoton ya hargitse. Masu rubuta wasanni sun riƙa kwatanta aikin da yin tsere da hasken talabijin, kuma daga wannan kwatanci aka samo sunan littafin Racing the Beam da Nick Montfort da Ian Bogost suka wallafa a 2009 a kan na'urar.

Abubuwan da TIA ta san zanawa ba su da yawa: 'yan wasa biyu, harsasai biyu, ƙwallo ɗaya, da filin wasa. An yi lissafin ne da wasanni irin su Pong da wasan tankokin yaƙi. Sai dai tun da komai yana hannun manhaja, masu wayo suka gano cewa za a iya zana ɗan wasa a wannan layin, a matsar da shi a sauya masa launi a layi na gaba, ya zama wani abu dabam. Ta haka aka samu layukan maƙiya na Space Invaders a 1980, wasan da ya ɗaga cinikin na'urar sama, da dajin Pitfall! na David Crane a 1982. Na'urar ta shiga kasuwa a watan Satumba na 1977 a kan dala 199, da sunan Video Computer System, kuma ba a daina ƙera ta ba sai a 1992. An ƙiyasta cewa an sayar da kusan miliyan 30. Rowar da tsadar kaya ta tilasta wa masu zanen ita ce ta tsawaita ran na'urar, domin na'urorin zamaninta da aka ƙayyade musu komai tun daga masana'anta sun riga ta tsufa.

Atari 400 da 800

Tun kafin 2600 ta yi kasuwa, Miner da Decuir da abokan aikinsu sun soma tunanin wadda za ta gaje ta. Darasin da suka ɗauka shi ne, tseren da ake yi da hasken talabijin yana cinye yawancin ƙarfin ƙwaƙwalwar. Sai suka ƙirƙiro ƙwayar ANTIC, wadda ita kanta 'yar ƙaramar ƙwaƙwalwa ce mai karanta jerin umarni: layuka kaza na sama rubutu ne, na tsakiya zane ne mai launuka kaza, na ƙasa kuma wani abu dabam. Ita ce za ta yi tseren, ƙwaƙwalwar 6502 kuma ta samu sararin yin lissafin wasa. Ƙwayar CTIA, wadda daga baya GTIA ta maye gurbinta, tana kula da launi da abubuwa masu motsi, POKEY ta Doug Neubauer kuma tana ba da sauti mai murya huɗu tare da karanta allon rubutu.

A daidai wannan lokaci Apple II da Commodore PET da TRS-80 suka nuna cewa akwai kasuwar kwamfutar gida, saboda haka shugabannin Atari suka sa aka mayar da aikin kwamfuta. An fara sayar da Atari 400 da 800 a ƙarshen 1979. Dokokin hukumar sadarwar Amurka kan hana na'urori dagula tashoshin talabijin sun tilasta a lulluɓe cikinsu da ƙarfe mai kauri, abin da ya ƙara musu nauyi da tsada. Duk da haka, wasan sararin samaniya na Star Raiders, wanda Neubauer ya rubuta, ya sa mutane da yawa sun sayi kwamfutar saboda shi kaɗai. Zuriyar wannan kwamfuta ta ci gaba har 1992, ta kuma samu karɓuwa ta musamman a Poland a ƙarshen shekarun 1980.

Miner bai tsaya ya ga wannan ba. Kamfanin Warner ya sayi Atari tun 1976, kuma a ƙarƙashin shugabancin Ray Kassar dangantaka ta yi tsami tsakanin ofis da injiniyoyi a kan lada da kuma rashin ambaton sunan masu aiki. Miner ya nemi a bar shi ya fara sabuwar na'ura a kan Motorola 68000, ƙwaƙwalwa mai ƙarfi da ta fito a 1979, aka hana shi saboda tsadarta. A wannan shekarar ya ajiye aiki, ya koma kamfanin Zymos yana zana ƙwayoyin na'urar daidaita bugun zuciya.

Hi-Toro da Lorraine

A 1982 Larry Kaplan, tsohon ma'aikacin Atari kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Activision, ya tuntuɓi Miner a kan kafa sabon kamfanin na'urar wasa. Aka samu masu zuba jari, aka buɗe ofis a Santa Clara da sunan Hi-Toro, aka ɗauko Dave Morse daga kamfanin kayan wasan yara na Tonka ya shugabance shi. Ba a daɗe ba Kaplan ya fice, ragamar aikin injiniya ta dawo hannun Miner. An sauya sunan kamfanin zuwa Amiga, kalmar Sifaniyanci mai nufin ƙawa, domin tsohon sunan yana kama da na wani kamfanin injin yankan ciyawa.

Masu kuɗin na'urar wasa suka biya a yi musu. Miner kuwa kwamfuta yake so, don haka ya tsara na'urar, wadda a ɓoye ake kira Lorraine, a kan 68000, ya kuma bar mata ƙofofin da za a jona allon rubutu da faifai. Kafin ta kammala, kamfanin ya riƙa sayar da sandunan sarrafa wasa da wani faifai mai suna Joyboard da ake hawa a kai ana karkata jiki, don samun kuɗin shiga da kuma kawar da hankalin abokan gasa. Ma'aikatan sukan zauna a kan wannan faifai su yi gasar wanda zai fi daɗewa bai motsa ba, kuma daga wannan wasa aka samo sunan Guru Meditation, saƙon da Amiga ke nunawa idan manhajarta ta rushe. Da kasuwar wasannin bidiyo ta Amurka ta durƙushe a 1983, babu mai son jin zancen na'urar wasa kuma, sai taurin kan Miner ya zama shi ne ya ceci aikin.

Ba shi kaɗai ya yi aikin ba, kuma shi ma bai taɓa nuna haka ba. Ron Nicholson da Dave Needle da Glenn Keller da Dave Dean da Joe Decuir suna cikin masu ƙwayoyi. Carl Sassenrath ya rubuta zuciyar babbar manhaja, RJ Mical ya rubuta ɓangaren tagogi da linzami, Dale Luck ya yi na zane. A baje kolin kayan lantarki na Las Vegas a watan Janairun 1984 ƙwayoyin ba su fito daga masana'anta ba tukuna, sai aka je da manya-manyan alluna cike da wayoyi a madadinsu, masu saurin lalacewa har sai da aka saya musu kujerarsu a jirgin sama. A wajen bikin ne Luck da Mical suka haɗa hoton wata ƙwallo mai launin ja da fari tana juyawa tana tsalle, ana jin ƙarar dukanta. Wasu 'yan kallo sun riƙa leƙa ƙarƙashin tebur suna neman babbar kwamfutar da suke zaton an ɓoye. Wannan ƙwallo ta zama tambarin Amiga a wurin masoyanta har yau.

Yabo ya samu, kuɗi ne babu. Miner ya jinginar da gidansa don a biya albashi. A watan Maris na 1984 Atari ta ba kamfanin rancen dala 500,000, da sharaɗin a biya ko a kammala yarjejeniyar lasisi kafin ƙarshen watan Yuni, in ba haka ba fasahar ta faɗa hannunta. Ana dab da cikar wa'adi sai Commodore ta shigo, aka mayar wa Atari kuɗinta, kuma a watan Agusta Commodore ta saye Amiga a kan sama da dala miliyan 20. A tsakanin nan Jack Tramiel, wanda ya kafa Commodore ya kuma bar ta a watan Janairu bayan saɓani, ya sayi sashen kayan gida na Atari a watan Yuli. Ya kai ƙara kotu a kan batun rancen, shari'ar da ba a sasanta ba sai a 1987, ya kuma sa injiniyoyin da suka biyo shi daga Commodore su gaggauta ƙera Atari ST. Abin ya zama kamar musayar 'ya'ya: kwamfutar da tsoffin mutanen Atari suka gina ta fito da tambarin Commodore, wadda tsoffin mutanen Commodore suka gina kuma ta fito da tambarin Atari.

Yadda Amiga take aiki

An ƙaddamar da Amiga 1000 ranar 23 ga watan Yuli, 1985, a Lincoln Center da ke New York, inda mai zane Andy Warhol ya yi hoton mawaƙiya Debbie Harry da ita a gaban jama'a. Farashinta dala 1,295, da ma'adana mai kilobayit 256. A lokacin Macintosh baƙi da fari kawai take nunawa, yawancin kwamfutocin IBM kuma launuka huɗu zuwa 16 da ƙarar ƙyat-ƙyat. Amiga tana zaɓar launuka 32 daga cikin 4,096, tana fitar da sautin da aka naɗa ta murya huɗu, kuma tana gudanar da manhajoji da yawa a lokaci guda.

Ƙwayoyi uku ne ke bayan wannan: Agnus da Denise da Paula. Denise ce mai fitar da hoto, Paula mai sauti da faifai, Agnus kuma mai raba wa kowa lokacin shiga ma'adana, ta yadda ƙwaƙwalwa da mataimakanta suke karɓa-karɓa ba tare da sun tare wa juna hanya ba. A cikin Agnus akwai ma'aikata biyu. Na farko, Blitter, aikinsa kwashe yankin hoto daga wani wuri zuwa wani, da jan layi, da cike fili da launi, cikin saurin da 68000 ba za ta iya ba. Na biyu, Copper, jikan TIA ne kuma ɗan ANTIC. Umarni uku kawai ya sani: jira har hasken talabijin ya kai wuri kaza, zuba wannan lamba a wuri kaza, ko tsallake umarni na gaba. Da waɗannan ukun ake sauya launuka a tsakiyar hoto, a yi sararin sama mai rini iri-iri, ko a ja fuskar wata manhaja ƙasa da linzami a ga wata a bayanta, kowace da nata tsarin.

Akwai kuma yanayin da ake kira HAM, wanda ke nuna dukkan launuka 4,096 a hoto ɗaya ta hanyar barin kowane ɗigo ya ari launin maƙwabcinsa ya sauya kashi ɗaya kawai. Miner ya samo tunanin ne bayan ya ga injin koyon tuƙin jirgin sama, abin da yake matuƙar sha'awa. Daga baya ya ga kamar ba shi da amfani, ya nemi a cire shi, amma cirewar za ta jawo sake zana ƙwayar, sai aka bar shi. Shi ne ya zo ya ba Amiga damar nuna hotuna masu kama da na kyamara shekaru kafin sauran kwamfutocin gida.

Saboda an ɗaure agogon na'urar da na siginar talabijin, abu ne mai sauƙi a ɗora rubutu ko zanen Amiga a kan hoton bidiyo. Ƙananan gidajen talabijin da masu ɗaukar bikin aure suka rungume ta, kuma na'urar Video Toaster ta kamfanin NewTek, wadda ta fito a 1990, ta mayar da ita ɗakin haɗa shirye-shirye mai araha. Da irin waɗannan na'urori aka yi hotunan jiragen sararin samaniya na farkon shirin Babylon 5. Manhajar zane ta Deluxe Paint da Dan Silva ya rubuta, da manhajar kiɗa ta Ultimate Soundtracker ta Karsten Obarski a 1987, sun zama kayan aikin masu yin wasanni na tsawon shekaru.

A cikin murfin Amiga 1000 na farko an zana sa hannun ma'aikatan da suka gina ta. Kusa da na Miner akwai sawun ƙafar karensa, Mitchy.

Zama da Commodore

Commodore ta sayi abin da ba ta san yadda za ta sayar ba. Kamfanin yana cikin matsin kuɗi, tallansa ya kasa bayyana wa mai saye ko na'urar ta ofis ce ko ta wasa ce, kuma Atari ST mai araha ta riga ta shiga kantuna. An rage ma'aikatan ofishin Amiga na Los Gatos, sannan aka rufe shi a 1987, aiki ya koma hedikwata a West Chester ta jihar Pennsylvania. Yawancin mutanen Miner ba su bi ba. Fushinsu har ya fito a wani ɓoyayyen saƙo da ɗayansu ya dasa a cikin babbar manhajar yana zargin Commodore da ɓata aikin. Miner ya zana sababbin ƙwayoyi masu suna Ranger don ɗaga darajar hoton, ba a taɓa ƙera su don kasuwa ba. Ya ci gaba da zama mai ba kamfanin shawara, amma ba shi da ta cewa.

Ba za a ce Commodore ba ta yi komai daidai ba. Amiga 500 ta 1987, wadda injiniyoyin West Chester suka matse cikin akwati ɗaya da allon rubutu, ita ce ta kai ƙwayoyin Miner ɗakunan yara a Birtaniya da Jamus da Italiya da ƙasashen arewacin Turai. A kanta aka buga Shadow of the Beast a 1989, Lemmings da Turrican II a 1991, da Sensible Soccer a 1992. A kanta kuma matasa suka yi ta gasar haɗa gajerun nune-nunen hoto da kiɗa don nuna wanda ya fi iya matse na'urar, al'adar da ta fito da ƙwararru da dama na masana'antar wasanni ta Turai. Laifin kamfanin shi ne ya zauna a kan zanen 1985 kusan shekara bakwai. Ingantattun ƙwayoyin AGA ba su fito ba sai 1992, lokacin da kwamfutocin IBM da makamantansu suka riga suka cim mata. Shi kansa zanen Miner yana da iyaka: yadda yake rarraba launin kowane ɗigo a faranti daban-daban na ma'adana ya dace da hotuna masu zamewa gefe, amma ya zama cikas ga wasanni masu zurfi irin Doom na 1993. Commodore ta bayyana karyewarta ranar 29 ga watan Afrilu, 1994.

Halayensa da rasuwarsa

Waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashin Miner suna tuna shi a matsayin dattijo mai sanyin magana, mai gemu, wanda bai damu da irin tufafin da ma'aikaci ya sa ko lokacin da ya zo ba muddin aiki yana tafiya. Ya girmi yawancinsu da shekara ashirin ko fiye. Karensa yana biye da shi ofis kullum, har ana raha cewa sai ya nuna wa karen zane kafin ya amince da shi. Bayan barinsa Los Gatos ya riƙa halartar tarukan masu amfani da Amiga, ya kuma buɗe wani dandalin saƙonni da ake shiga ta layin tarho, mai suna The Mission, inda aka san shi da laƙabin Padre, kowa kuma yana iya aika masa tambaya ya amsa.

Ya daɗe yana fama da ciwon ƙoda, ana yi masa wankin jini, har 'yar'uwarsa ta ba shi ƙoda ɗaya a 1990. Aikinsa na ƙarshe a kamfanin Ventritex ne, a kan na'urar da ake dasawa a jiki don farfaɗo da zuciya idan bugunta ya rikice. Ya rasu a Mountain View ta jihar Kalifoniya sakamakon ciwon ƙodar, yana da shekara 62, ƙasa da wata biyu bayan faɗuwar Commodore.

Bayan rasuwarsa

Sunan Amiga ya yi ta yawo daga hannu zuwa hannu. Kamfanin Escom na Jamus ya saye shi a 1995 ya karye a 1996, Gateway 2000 ta karɓa a 1997, daga nan kuma haƙƙoƙin suka rarrabu tsakanin ƙananan kamfanoni da suka sha kai juna kotu. Waɗanda suka riƙe na'urar da rai su ne mutanen da suka taso da ita.

A 1995 Bernd Schmidt ya fitar da UAE, manhajar da ke sa wata kwamfuta ta kwaikwayi Amiga. Harafin farko na sunan a lokacin yana nufin marar amfani ne, domin kwamfutocin zamanin ba su da saurin da za su ɗauke ta. Wahalar daga zanen Miner take. Wasannin da aka rubuta wa waɗannan na'urori sun dogara ne da sanin takamaiman inda hasken talabijin yake a kowane bugun agogo, don haka bai isa a kwaikwayi ƙwaƙwalwar kawai ba, sai an kwaikwayi kowace ƙwaya da lokacin da take karɓar nata rabon. Kuskuren bugu ɗaya yana iya karya hoto. Toni Wilen, mai kula da reshen WinUAE, ya shafe shekaru masu yawa yana gwada ainihin na'urori don gano irin waɗannan ƙananan halaye da ba a rubuta su a kowane littafin kamfani ba. Haka abin yake ga Stella, manhajar kwaikwayon Atari 2600 da Bradford Mott ya fara a tsakiyar shekarun 1990. Kamfanin Cloanto kuma ya fara sayar da Amiga Forever a 1997, wanda ya ba mutane halastacciyar hanyar samun babbar manhajar asali.

Wasu sun bi ta wata hanya. A 2005 wani injiniya ɗan ƙasar Holan, Dennis van Weeren, ya fara Minimig, inda ya sake gina Agnus da Denise da Paula a cikin wata irin ƙwaya ta zamani da ake iya sake tsara hanyoyin lantarkin cikinta, wadda ake kira FPGA. Ya saki zanen kyauta a 2007, kuma a kansa aka gina ɓangaren Amiga na MiSTer, aikin da Alexey Melnikov ya fara a 2017, wanda ke ɗauke da Atari 2600 da Atari 800 su ma.

Da 'yan kasuwa suka ga yaran shekarun 1980 sun girma sun yi kuɗi, sai ƙananan kwafi masu jonuwa da talabijin ta zamani suka fara fitowa. Kamfanin Retro Games na Birtaniya ya fitar da THEA500 Mini a 2022 da wasanni 25 a ciki, sannan THE400 Mini a 2024. Atari ta fitar da 2600+ a 2023, wadda ke karɓar tsoffin kaset na asali. Duka ukun manhajar kwaikwayo ce ke gudana a cikinsu a kan ƙwaƙwalwa irin ta wayar salula, kuma allon rubutun da ke jikin THEA500 Mini ado ne kawai, ba ya aiki. Masu tsattsauran ra'ayi a cikin masoyan suna ganin waɗannan kayan tsaraba ne, sun fi son gyara na asali, inda babban abokin gaba shi ne tsohon batirin agogo da ke yoyo ya cinye hanyoyin allon.

A 2014 ƙungiyar masu sha'awar kwamfuta ta Jami'ar Carnegie Mellon, bisa shawarar mai zane Cory Arcangel, ta ciro hotunan da Andy Warhol ya zana da Amiga daga faya-fayan filofi da suka kwana kusan shekara 30 a ajiye a gidan tarihinsa da ke Pittsburgh. Al'adar gasar nune-nunen hoto da kiɗa kuwa ta shiga jerin al'adun gargajiya na ƙasar Finland a 2020, da na Jamus a 2021, kuma a manyan tarukanta har yanzu akwai rukunin gasa na Amiga. Ana ci gaba da rubuta sababbin wasanni na Atari 2600 ana sayar da su a kaset, masu rubuta su kuma suna ƙirga bugu 76 ɗin nan a kowane layi kamar yadda aka yi a 1977.